Wuƙar Baba da Ragon Kirsimeti

Mijina ya ce in yafe. Fasto ma ya ce in yafe, har gida ya biyo ni ya maimaita. Na ce musu na ji, kuma da gaske na ji ɗin, kunnena lafiya lau yake. Amma har yau in na tuna Kirsimetin bara sai yafiyar ta gagare ni.

Sunana Rautha, ni ce auta a ɗakin Innarmu. A Zandam aka haife mu, can ƙasar Gwaram. Muna yara Babanmu ba ya zuwa masallaci ba ya zuwa coci, yana nan kan abin da ya tarar iyayensa suna yi. Da muka tasa sai gida ya rabu biyu. Yayyena maza huɗu suka musulunta, Inna ta bi su, ni da yayata Saratu muka shiga coci. Baba bai hana kowa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ranar sunan ɗan Saratu na fari, mijinta ya yanka akuya da hannunsa, yayyenmu suka zo suka yi barka, suka sha ruwa, suka tashi ba wanda ya sa hannu a kwano. Baba yana zaune yana kallo.

Washegari ya tara mu a gindin rumbu. Ya zaro wuƙarsa daga kube, wata doguwa mai mariƙin ƙaho da aka ƙera masa tun yana saurayi, ya miƙa wa babban yayanmu, Yaya Maikano. Ya ce, "Kai ne babba, kuma yankanka kowa yana ci. Duk gidan ɗana da za a kayar da dabba, suna ne, aure ne, Sallah ce, Kirsimeti ne, kai za ka yanka, da wannan wuƙar. Ban yarda ɗana ya shiga gidan ɗan'uwansa ya fito da yunwa ba."

Shekara ashirin da shida ke nan. Baba ya rasu, Saratu ta rasu, na rage ni kaɗai mai zuwa coci a zuriyar. Amma duk ranar Kirsimeti, kafin rana ta fito, sai in ji ƙarar babur ɗin Yaya a ƙofar gidan hayarmu a Birnin Kudu. Ya yanka, ya sha kunu, in ɗaure masa cinya guda a bayan babur ya kai wa Inna. Da Babbar Sallah shi ma ya aiko mini da tawa cinyar. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ɗaga tsoka daga tukunyata ya tambayi wa ya yanka. Wanda bai fito daga irin gidanmu ba ba zai gane girman wannan ba.

Bara muka tare a gidanmu na kanmu. Mijina Yunusa malamin firamare ne, shekara tara muna ɗora bulo ɗaya-ɗaya kafin a sa kwano. Da na je Zandam gaishe da Inna sai ta kama hannuna, don idonta ya daɗe da rufewa, ta ce, "Auta, na ji an ce kin yi gida. Ido dai ya tafi, amma baki yana nan. Kafin ƙasa ta rufe ni sai na zo na ci abinci a ɗakinki." Tunda na yi aure ba ta taɓa taka inda nake ba, ɗakin haya ɗaya ina za a sa tsohuwa? A nan take na gayyace su duka, yayye da matansu da 'ya'yansu. Na ce bana ba cinya za a kai Zandam ba, Zandam ce za ta zo wurin rago.

Ragon kuwa tun watan huɗu na sayo shi a kasuwar Gwaram, ɗan fari mai baƙin wuya. Wata takwas ina masa hidima, dusa da harawa da ruwan kanwa, har Malam, wato mijina, yana tsokanata wai shi bai taɓa samun rabin wannan kulawar ba. Na sayi sababbin tukwane biyu manya. Na yi cincin cike da bokiti, na jiƙa zoɓo, na auno shinkafa. Na sayi buta uku da sabuwar tabarma ta salla na ajiye a ɗakin baƙi, har na tambayi maƙwabciya ta nuna mini gabas sosai kada in kunyata. Aka shirya da direban wata bas zai ɗauko su tun asuba, su iso ƙarfe shida da rabi, Yaya ya yanka, mu tafi sujada, mu dawo a ci tare.

Dangin Malam su ma sun zo daga Surko tun jajibere, mutum goma sha ɗaya, dukansu 'yan coci. A cikinsu akwai Kawu Ishaya, ƙanin mahaifiyarsa, tsohon soja mai ciwon gwiwa da bakin da ba ya ciwo. Tun da ya sauka yake zagaya ragon yana taɓa masa gadon baya.

Ƙarfe shida na safe na gama shara, na haƙa ramin jini a bayan ɗaki, na kawo ruwa da igiya. Shida da rabi ba mota. Bakwai na kira wayar Yaya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira ta matarsa Zahara'u, ta ɗauka ta ce, "Ga mu nan, ga mu nan," ta kashe. Takwas na sake kira, duka biyun a rufe.

Malam ya same ni a bakin ƙofa ina leƙen titi. Ya ce, "Maman Jummai, lokaci yana tafiya. Bari in hau babur in ɗauko mahauci, minti goma ya gama. Shi ma ai Musulmi ne, kowa zai ci."

Na ce, "Mahauci ɗan Babana ne?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To a bar mini ragona. Wuƙar Baba ce za ta yanka shi, ko da magariba ce."

Na san da na yarda da maganarsa da ba a kai inda aka kai ba. Na sani, ba sai an tuna mini ba, kuma masu tuna minin sun yi yawa. Amma ranar da Inna za ta fara cin abinci a gidana, ranar ce zan kira baƙo daga kasuwa?

Kawu Ishaya yana kan kujera yana shan hantsi, ya ji komai. Ya ce, "Ikon Allah! Gida namu, biki namu, rago namu, amma sai mun zauna da yunwa muna jiran wuƙar wani. Mu ba maza ba ne? Ni da na yanka bijimin sa a bariki?"

Na durƙusa har ƙasa, don dai surukina ne, na ce, "Kawu, don Allah a yi haƙuri. Al'adar gidanmu ce. Kada kowa ya taɓa shi sai na dawo." Ya ce ya ji. Da bakinsa ya ce ya ji.

Muka tafi coci, aka bar shi a gida saboda gwiwa, tare da 'yan'uwan Malam mata biyu da za su kula da wuta. Sujadar ranar ban san me aka yi ba. Ina cikin layin zumuntar mata da sabon anko, ana kaɗa tulu ana waƙa, bakina yana motsi, hankalina yana kan hanyar Gwaram. Na yi ta saƙa mugun abu, ko mota ta faɗi, ko jikin Inna ne ya tashi. Har addu'a na yi musu da hawaye, abin da in na tuna yanzu yake ƙara ƙona mini rai.

Wajen ƙarfe ɗaya muka dawo. Tun daga kan kwana na ji ƙaurin babbaka. Na ce a raina, Allah na gode, sun iso. Na shiga gida da sauri ina kiran Inna. Ba Inna, ba Yaya, ba kowa daga Zandam. Ga fatar ragona an shanya a ƙasa an danne gefenta da duwatsu. Ga kai da ƙafafu a kan garwashi. Sababbin tukwanena duka biyu suna kan murhu, ɗaya miya tana tafarfasa da nama, ɗaya dafa-duka da aka dafa da romon. Kawu Ishaya yana zaune yana tsotsar ƙashi, wuƙar yankan albasata a gefensa.

Na ce, "Wa ya yanka?"

Ya ce, "Ni. Kuma da sunan Allah na yanka, in abin da kike tsoro ke nan. Yara suna kukan yunwa tun safe."

Ban san lokacin da na jefar da littafin waƙata ba. Na manta da surukuta, na manta da furfura. Na ce, "Ragonka ne? Kai ka ba shi dusa? Na durƙusa maka a gaban mutane, ka ce ka ji! Ga cincin bokiti guda, ga zoɓo, wace yunwa? Kwaɗayi dai da son a ce kai ma namiji ne!"

"Yunusa, kana ji matarka tana zagina?"

"Ai ban fara ba, Kawu!"

Malam ya ja ni ɗaki ya turo ƙofa. Shi mutum ne mai sanyin hali, irin sanyin da yake ƙara wa mai fushi zafi. Ya ce, "Abin da ya faru ya faru. Ki saurare ni. In sun zo, ki ce mahauci muka kira. Zan ja kunnen kowa. Ai ko a cikin malamansu akwai masu cewa yankanmu ya halatta gare su."

"Akwai masu cewa. Inna tana cikin masu ci?"

Ya san ba ta ci, ya san yayyena ba sa ci.

"To wa zai sani?" in ji shi a hankali.

A daidai lokacin muka ji hon a ƙofar gida. Kuma gaskiya zan faɗa, maganar tasa ta shige ni. Wata takwas ina jiran ranar nan. Kalma ɗaya ce kawai, mahauci, shi ke nan kowa ya ci ya yi hamdala.

Suka shigo, mutum goma sha tara. Zahara'u tana riƙe da hannun Inna, Inna tana shafa bango tana cewa, "Auta, siminti ne har sama? Kai, Allah ya sa albarka." Na rungume ta, ƙamshin man shanu da hayaƙin ɗakinta ya cika mini hanci, na ji kamar in fashe da kuka. Yaya Maikano ya shigo daga baya da babbar riga da sabuwar hula, yana ta ba da haƙuri, wai taya ce ta fashe musu bayan sun wuce Gwaram, wai mai faci ya tafi cin abinci.

Sai idonsa ya sauka a kan fatar. Ina kallonsa. Na zaci zai ɓata rai, ko ya ce haba Auta, ba ki jira ni ba. Ina! Kafaɗunsa ne suka sauka, kamar wanda aka sauke wa buhun gero daga ka. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe kun samu wanda ya yanka. Madalla, madalla. Haka ya fi."

Haka ya fi. Bai tambayi wane ne ba. Na riƙe wannan a raina.

Suka yi alwala da sababbin butocina, suka yi azahar a kan sabuwar tabarma. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, maza gefe, mata gefe. 'Yan'uwan Malam suka zuzzuba abinci suna satar kallona. Na ɗauki kwanon Inna da kaina, na zaɓo mata tsoka mai laushi na yayyanka ƙanana saboda haƙori, na ajiye a gabanta, na wanke mata hannu. Ta ce bismillah. Ta lalubi bakin kwanon, ta tura yatsu cikin shinkafar, ta ɗebo da nama a kai. Ba ta tambaye ni komai ba. Ba ta gani, ba ta tambaya, hannuna kawai ta yarda da shi.

Loma ta kusa bakinta na kama wuyan hannunta.

"Inna, kada ki ci."

Na miƙe tsaye na ce, "Kowa ya cire hannunsa. Ba Musulmi ne ya yanka ragon nan ba. Kawu Ishaya ne ya yanka ina coci. Romonsa yana cikin shinkafar, yana cikin miyar. Ban da cincin da zoɓo ba abin da za ku iya ci a gidan nan."

Na ga hannuwa suna janyewa daga kwanuka ɗaya bayan ɗaya. Na ga Zahara'u ta ɓamɓare tsoka daga hannun 'yar autarta, yarinyar ta tsala ihu. Abin da Baba ya gani a gidan Saratu, ga shi a tsakar gidana, a kan sabon siminti. Malam ya sunkuyar da kai. Kawu Ishaya ya ce, "To, ga irinta nan," ya ci gaba da tauna.

Yaya ya ce, "Subhanallahi. Auta, ai da kin kira mahauci."

Nan ne kaina ya yi zafi gaba ɗaya. Na ce, "Mahauci? Kai ma mahauci? Kai nake jira tun ƙarfe shida! Na haƙa rami, na kawo igiya, na tsaya a titi kamar mahaukaciya. Taya ɗaya ce ta cinye muku awa bakwai?"

"Na gaya miki mai facin ne…"

"Ba taya ba ce."

Inna ce ta yi magana. Tana zaune yadda na bar ta, shinkafa a yatsunta. Ita Inna, da yake Yaya ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Tun muna yara sai dai ta ce "wancan", ko ta aika ɗayanmu da saƙo alhali yana zaune a wurin. Ta juyo da fuskarta inda take jin muryata ta ce, "Motar tun kiran assalatu take ƙofar gida. Mun shiga mun zauna. Wancan ya ce zai leƙa gona. Ya dawo ya ce zai yi aski. Ya dawo ya ce akwai wanda zai gani a masallaci. Rana ta take muna cikin mota kamar kaji a akurki."

Ta goge hannunta da gefen zani, ta kwance ƙullin da ke ƙugunta, ta zaro wani abu a naɗe da tsumma ta ajiye a kan tabarma. Tun kafin ta warware na gane kuben.

"A saman katanga ya bar ta. Jiya na ji ya ɗaga murfin akwatin da yake ajiye ta, yau kuma ya yi ta jan ƙafa, sai na sa aka laluba mini. Ido ne ba ni da shi."

Yaya ya cire hula ya share gumi, a cikin sanyin nan. Ƙannensa uku kowa ya kafa ido a ƙasa, ashe duk sun sani. Ya ce, "Auta, ki fahimce ni. Wata uku ke nan da aka ba ni na'ibin liman a masallacin unguwa. Mutane suna magana. Har a gabana wani ya ce ga mai yanka ragon Kirsimeti zai ja mu salla. Da ni kaɗai nake zuwa da asuba, ba wanda ya damu. Yau kuwa mota guda, gari duk ya san inda muka nufa. Ban iya ce miki a'a ba. Na ce in muka makara za ki sa wani ya yanka, mu zo mu ci, ba wanda ya ji kunya."

"Ba wanda ya ji kunya," na maimaita. "Dube ni da kyau, Yaya. Ka ga alamar wadda ba ta ji kunya ba?"

"Ki yi haƙuri."

"Ba zan yi ba! Da ka kira ni ka ce Rautha, bana ba zan iya ba, da na yi kukana na share hawaye na nemi mafita. Shekara ashirin da shida kana cin naman nan, bai hana sallarka karɓuwa ba sai da aka ba ka gaban sahu? Ni na taɓa jin kunyarka? A cocinmu ba a yi mini gori ba? Ba a ce ina raina hannun mijina ba? Na ce musu yayana ne, umarnin ubana ne, wanda bai so ba ya bar mini namana. Ni mace ni kaɗai na tsaya maka, kai da gemu ka kasa tsaya mini na safiya ɗaya!"

Malam ya matso yana cewa bari ya hau babur ya sayo nama a kasuwa yanzun nan, a sake girki. Inna ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam Yunusa, Allah ya yi maka albarka, zauna. Akwai nama a Zandam. Ba nama ne ya fito da ni ba." Sannan ta ce, "Auta, ba sauran abu mai rai a gidan nan?"

Na ce, "Sai zakara ɗaya, Inna. Tsoho ne ma."

"A kamo shi."

Aka bi zakara aka kamo a bayan bandaki. Inna ta ɗauki wuƙar da hannu biyu, ta miƙa ta saitin da ta ji numfashin Yaya. Bai karɓa ba. Ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "A gaya wa Inna ta bari Safiyanu ya yanka." Safiyanu shi ne mai bi masa.

"Maikano."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Matan da ke wurin suka rufe baki. Shi kansa sai da ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Maikano, da kai nake. Ubanka bai ba Safiyanu ba. Karɓi."

Ya karɓa. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya je bakin ramin da na haƙa wa rago, ya fuskanci gabas, ya taka fukafukan, ya yi bismillah. Ramin da na yi don jinin rago, ɗan jinin zakara ko ƙasansa bai rufe ba.

Na fige shi da kaina, ban bar kowa ya taya ni ba. Na ɗauko tsohuwar tukunyata ta gidan haya, na dafa farar shinkafa, na yi miya da zakara ɗaya wa mutum goma sha tara. Ina yi ina kuka, ina zagin albasa don kada a ce kuka nake. Sai bayan la'asar aka ci. Kowa ya samu abin da bai fi ɗan yatsa ba. Inna na ba ta hantar, ita ce mai laushi. Ta ci a hankali, ta suɗe hannu, ta ce, "Alhamdu lillahi. Na ci a ɗakin Auta."

Can ɗaya gefen gidan dangin Malam suna fama da rago guda, sun ci sun kasa cinyewa. Tabarma biyu, tukunya biyu, a gida ɗaya. Ni ban ci ko ɗaya ba. Ragon da na yi wata takwas ina kiwo ban san ɗanɗanonsa ba, kuma ban yi nadama ba.

Da za su tafi, Yaya ya wanke wuƙar ya mayar kube, zai sa a aljihu. Na miƙa hannu.

"Ba ni."

"Wuƙar Baba ce, Auta."

"Ni ma ubana ne. Ka bar ta a kan katanga, ni ina da akwati."

"To da me zan yi layya?"

"Ka san hanyar gidana."

Ya dubi Inna ko za ta sa baki. Inna tana gyara mayafi, ta ce wa Zahara'u ta kama ta su shiga mota. Ya ajiye wuƙar a tafin hannuna ya juya.

Inna ta rasu cikin azumi, kwana goma sha biyu da kamawa. Na je Zandam, na zauna cikin mata har aka yi bakwai, ni da Yaya gaisuwa kawai ta haɗa mu. Abin da uwata ta taɓa ci a gidana duk tsawon rayuwarta shi ne hantar tsohon zakara. In masu cewa in yafe suna da amsar wannan, ina saurare.

Ranar jajiberen Babbar Sallah ina shara a tsakar gida, gari bai gama wayewa ba, na ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofa. Na san ƙarar. Na shiga ɗaki na buɗe akwati, na fito na zare sakata. Yana tsaye da hula a hannu, raɓa ta jiƙa masa ƙafar wando. Na waiga na dubi agogon bango, shida saura kwata.

Na ce, "Ashe ka iya sammako."

Na miƙa masa wuƙar, na ce ina son abata kafin Kirsimeti, sannan na koma na ci gaba da sharata.